Ranar da Babanku Ya Danne Abba a Bakin Rijiya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan azahar, ina kwance a ɗakina kuna ƙarƙashin rumfa kuna hira, a zatonku barci ya ɗauke ni. Idona biyu. Na ji Sadiya tana cewa tunda Abba na Tarauni zai aurar da 'yarsa, lokaci ya yi da za ku haɗu ku je ku nemi gafararsa a madadin babanku, ko Allah Ya sa zumunci ya dawo. Na ji yayanku ya amsa da cewa gaskiya ne, Baba bai kyauta ba, da shi ne a wurin da ba a rasa dabara ba. Da shi ne! Wallahi sai da na tashi zaune. Mutumin da ranar da abin ya faru yana can filin wasa da hular kwali a ka yana tafa wa sabon gwamna, shi ne yau yake da dabara. Ban fito na yi muku magana ba don na san halina, in na fara da baki sai na faɗi abin da ba shi na yi niyya ba. Shi ya sa na ajiye labarin zamanmu na ƙauye da nake rubuta muku, na tsallako zuwa shekarar da abin ya faru. Ku karanta tukuna, sannan ku san abin da za ku ɗauka ku kai Tarauni.

A lokacin gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi bai zama yadda kuke ganinsa yanzu ba. Ɗakuna ne a jere, tsakar gida ƙasa ce, rijiya kuma tana can kusurwa kusa da madafa, inda yanzu kuke shanya. Mu biyu ne masu iyali a ciki: Malam, babanku, da ƙaninsa Ilu, wanda kuke ce wa Baffa. Malam ne ya fara zuwa birni ya kama sana'ar katako, daga baya ya ɗauko Ilu daga ƙauye ya nema masa tuƙin bas. Ba ka taɓa cewa ciki ɗaya suka fito. Malam ƙato ne, mai nauyin jiki da nauyin baki, sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ilu kuwa siriri, bakinsa ba ya hutawa. In ya shigo gida tun daga zaure ake jinsa.

"Ina matar tamu? Yau ma tuwon ya yi gudaji ko an ci sa'a?"

"In ya yi gudaji ka je tasha ka ci," in ji ni. "Ai can ka fi wayo."

Haka muke da shi kullum, wasan matar wa da ƙanin miji, har matarsa Hindatu ta ce mu biyu mun ishe ta. Ɗansu ɗaya ne ya rayu, shi ne Abba. To a nan ku buɗe kunne, don duk maganar a nan take. Abba ba sunansa na yanka ba ne. Sunan kakanku aka sa masa, mahaifin Malam da Ilu, shi ya sa ake sakaya shi da Abba. A gidan nan babu wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗi sunan nan, balle Ilu, da yake sunan ubansa ne kuma ɗan farinsa ne. Ko Abban ma ba ya iya faɗa, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ranar da aka je sa yaron a makaranta aka tambayi sunansa, Ilu ya tsaya yana susar ƙeya har sai da wani maƙwabci ya faɗa a madadinsa. Ni ma surukina ne, ban taɓa furta shi ba. Yau zan rubuta shi don dole, Allah Ya yafe mini: Nasiru.

Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ga farar hula, zafi ya yi zafi, famfo ya ɗauke, rijiyarmu ta koma sai laka. Ka jefa guga ka jawo rabinsa taɓo. Malam ya ce a yi mata yasa kafin ruwan sama ya kankama, aka nemo wani mai haƙar rijiya daga Ƙauyen Alu, Ɗan'azumi, mutum shiru-shiru mai jajayen idanu. Aka sa ranar rantsar da sabuwar gwamnati, don ranar babu fita aiki, Ilu ma ya ajiye mota saboda an ce hanyoyi za su cushe. Unguwa ta watse tun da sassafe. Samari da magidanta duk sun tafi kallo, wasu sun tafi gidajen masu talabijin. Ku 'yan matan kuna Hotoro wurin innata. Malam ya ce shi ya ga farar hula sun zo sun tafi tun yana saurayi, ba zai je ya tsaya a rana ba. Layinmu da ya saba da hayaniya ranar ya yi tsit, in ban da wata rediyo da ake jiyowa daga can nesa ana ta jawabi.

Ɗan'azumi ya zo da injin jan ruwa na fetur da ya aro wurin masu lambu, wai don aikin ya yi sauri. Tiyon injin gajere ne, bai kai ƙasa ba. Sai ya ce a ɗaure injin da igiya a zura shi ciki, ya zauna a kan wani katako da ya gitta a tsakiyar rijiyar. Babu wanda ya ga aibun haka, har da ni. Mu ba mu san hayaƙin inji yana kwanciya a rami ba, mun ɗauka hayaƙi sama yake yi kamar na murhu. Aka ɗaure igiyar injin a jikin turken madafa, Ɗan'azumi ya sauka da ɗaya igiyar, ya tayar da shi. Man ciki kaɗan ne, sai Ilu ya ba Abba galan ya ce ya je wurin 'yan bumburutu masu sayar da fetur a bakin titi ya samo. Abba a lokacin saurayi ne da ya haura ashirin, siriri kamar ubansa.

Ina tankaɗe a ƙofar madafa, ruwa mai laka yana ta zubowa daga tiyo, sai na ji injin ya yi tari ya mutu da kansa. Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa a kunnena. Ilu ya leƙa ya kira Ɗan'azumi, babu amsa. Ya sake kira. Na taso na leƙa ni ma, ban ga ƙasa ba, sai wani hayaƙi shuɗi-shuɗi a kwance, ba ya tashi ba ya motsi. Kafin in ɗago Ilu ya riga ya jawo igiyar ya ɗaura a ƙugunsa.

"Dakata," in ji Malam. "Ilu, dakata mu gani."

"Mu ga me, Yaya? Mutumin mutane ne a gidanmu. Riƙe kawai."

Ya sauka. Malam yana sakin igiya a hankali, ni da Hindatu mun riƙe bayanta. Na ƙwala wa maƙwabciyarmu kira ta kan katanga, Maman Rahila, wata nas 'yar kudancin Kaduna da suke haya a gidan da ke jikin namu, ta shigo a guje da zani a ƙirji, ita da ƙanwar mijinta. Can aka girgiza igiya daga ƙasa. Muka ja. Malam a gaba, mu mata huɗu a baya, tafin hannuna sai da ya sale. Abin da ya fito ba Ilu ba ne, Ɗan'azumi ne, kansa ya langaɓe, an ɗaure shi ta ƙarƙashin hammata da irin ɗaurin da Ilu yake yi wa kaya a saman mota. Ashe da ya isa ƙasa kwance igiyar ya yi daga jikinsa ya ɗaura wa mutumin. Maman Rahila ta ja Ɗan'azumi inuwa tana danna masa ƙirji. Malam ya sake zura igiyar, ya kira, ya girgiza, ya jawo ta. Ta fito fayau babu komai.

Yanzu bari in lissafa muku dabarun da yayanku yake ganin babu wanda ya tuna da su. Malam ya tuɓe rigarsa zai shiga. Bakin rijiyar kwalbati ne matsattse, kafaɗunsa da ƙyar suka shige. Maman Rahila ta ɗago daga kan Ɗan'azumi ta daka masa tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban Sadiya, wa zai jawo ka? Wancan da bai kai rabinka ba da ƙyar muka fito da shi, har da kai a gaba. Wa zai jawo ka?"

Ya tsaya rabinsa a ciki yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, mata huɗu masu haki. Ya fito. Igiya ta biyu kuma ita ce take riƙe da injin, in aka kwance ta injin ya faɗa kan Ilu. An gwada jawo shi, tiyon ya maƙale, katakon ya fara zamewa, ƙasa tana ruftawa ciki, dole aka bari. Ƙanwar mijin Maman Rahila ta fita layi tana buga ƙofofi, gidaje duk mata da tsofaffi da yara. Ta samu tsohon telan bakin layi, ya hau kekensa ya tafi kiran 'yan kwana-kwana, a ranar da ko mai tafiya a ƙasa da ƙyar yake ratsa titi. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna, ku daina auna ranar da zamaninku. Muka buɗe lema muka ɗaura a igiya muna zurawa muna jawowa ko iska ta shiga. Muka yi ta fifita da faifai kamar mahaukata. Maman Rahila ta ce a kunna fitilar ƙwai a zura. Aka zura, tun kafin ta kai wurin injin ta mutu. Malam ya cafko wata kazata ya sa a bokiti ya zura, ya ɗan jima ya jawo. Ta fito wuya a langaɓe, ido a rufe, ko shure-shure ba ta yi.

Ana cikin haka Abba ya shigo da galan a hannu. Ya ga uwarsa a zaune a ƙasa, ya ga Ɗan'azumi a kwance, ya ga kazar. Bai tambayi kowa ba. Ya saki galan ya nufi igiya. Malam ya tare shi ya ce ya tsaya, an tafi kiran mutane, ya nuna masa kazar, ya nuna masa fitilar. Yaron yana jin magana, ya tsaya. Ina ganin da a nan abin ya tsaya, da yau ba kwa maganar zuwa Tarauni. To a lokacin ne aka yi magana daga cikin rijiyar.

"Nasiru."

Duk mun ji. Ni na ji, Hindatu ta ji, Maman Rahila da ba addininmu ɗaya ba ta ji, kada wani ya ce muku ruɗewa ce. Muryar Ilu ce sak. Amma babu haki a cikinta, babu tari, babu wahala. A natse, kamar mai kiran yaro ya zo ya ɗauki kwano. Shekara da shekaru ina zaune da mutumin nan gida ɗaya, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

"Nasiru, sauko mana."

Abba ya yi wata irin ƙara ya zabura. Malam ya kama shi ta baya, suka faɗi tare a cikin lakar da tiyo ya zubar. Ya danne shi da dukkan nauyinsa, gwiwa a gadon baya, hannu a murɗe. Yaron yana ihu, yana cizo, yana zagin babanku zagin da ban taɓa zaton ya iya ba. Hindatu ta rarrafo tana dukan Malam a baya tana cewa ya sake shi, ubansa ne yake kiransa, yana da rai, yana da rai! Can kuma sai ta koma ta riƙe ƙafar ɗan nata da hannu biyu. Haka ta yi ta yi, ta doki Malam ta koma ta riƙe ƙafar, ita kanta ba ta san wanne take so ba. Na ce wa Malam ko a ɗaura masa igiya a ƙugu, da ya yi shiru mu jawo shi. Bai dube ni ba ya amsa.

"Zai kwance ta ya ɗaura wa ubansa. Ɗan Ilu ne. In jawo gawa in bar mai rai a ƙasa?"

Muryar ta ci gaba da kira, ba ta ƙara ƙarfi ba, ba ta rage ba. Rana ta take, inuwa ta gudu daga tsakar gida, rediyon nan ta nesa ana ta tafi a cikinta. Malam fuskarsa a cikin laka kusa da kunnen yaron, hawaye yana zuba, yana ta maimaita Innalillahi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san akwai lokacin da na lura an daina kiran, kuma ban san yaushe aka daina ba.

Mutane suka fara dawowa wajen azahar, kusan tare da 'yan kwana-kwana. Kafin ma su gama shiri wani saurayin layinmu ya ɗaura tsumma a hanci ya sauka, ya ɗaure Ilu, aka jawo su, Ilu ya riga ya cika, shi kuwa saurayin ya fito lafiya lau ko tari bai yi ba. Wannan saukar ita ce ta kashe babanku a idon unguwa. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa tun hantsi muke fifita ramin nan, hayaƙin ya riga ya baje. Abin da aka gani kawai shi ne wane ya shiga ya fito. Tun a wurin zaman makoki aka fara. Wannan ya ce da an jiƙa tsumma. Wancan ya ce da an fasa kwalbatin. Wani ya ce da an kwarara ruwa ciki, wani ya ce ai da an kwarara ruwa da an nutsar da shi, suka kama musu a kan tabarmar ta'aziyya kamar masu gardamar ƙwallo. Kowa da dabararsa, kowa ya ƙoshi ya sha inuwa. Har aka samu marar tsoron Allah da ya ce wai Malam gidan yake so ya zama nasa shi kaɗai. Allah Ya isa tsakanina da wanda ya fara faɗin wannan, ban yafe ba. Malam yana zaune yana jin wasu, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Na yi masa faɗa a kan haka har na gaji.

"In ce musu me?" in ji shi. "Ni ma ban sani ba ko da ya shiga da ya fito."

Kun ji. Shi da kansa bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Ni ma ba zan rantse muku ba. Wataƙila a lokacin da Abba ya shigo iskar ta fara gyaruwa, wataƙila da ya riƙe numfashi da ya yi sauri da an fito da su biyun. Wataƙila kuma da gawa biyu muka wanke. Babu wanda ya sani sai Allah, kuma babu wanda aka ba lokaci ya zauna ya auna.

Maganar muryar kuwa kowa da yadda ya ɗauke ta. Maman Rahila ta ce hayaƙin nan yana juya ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ta sha gani a asibiti. Tsofaffin unguwa suka ce ba Ilu ba ne, mutanen ɓoye ne da ke zaune a tsohuwar rijiya, sun samu ɗaya suna neman ƙari. Shi kuwa Abba abin da ya riƙe daban ne. Ya ce sau ɗaya tak a duniya ubansa ya kira shi da sunansa, kuma bai je ba. Wannan ce maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa kafin su bar gidan nan, daga ita ya daina gaishe da Malam, in sun haɗu a zaure sai ya juya fuska bango.

Hindatu ta yi takabarta a gidan. Watannin nan ban taɓa zama cikin irinsu ba. An rufe rijiyar da kwano an ɗora dutse, ruwa sai na 'yan garuwa. Da dare ba ma jin komai, kada ku ƙara wa labarin gishiri. Da hantsi ne abin yake. In rana ta kai daidai inda take ranar, sai ka ga kowa ya nemi abin yi a ɗaki, tsakar gida ta zama babu kowa, kaji ma su koma zaure. Babu wanda ya ce a yi haka. Ni da ba na tsoron komai, na mayar da girkina ƙofar ɗaki don kada in juya wa kusurwar nan baya. Wata rana a irin wannan lokacin na ji sallama ƙasa-ƙasa, na fito na ga Ɗan'azumi a tsaye a tsakar gida, ya rame, ya zuba wa murfin rijiyar ido. Ya daina shiga rami, ya koma tallan rake. Na kawo masa ruwa, na ce Allah Ya kiyaye gaba, ya ce amin. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Hajiya, an ce wai ya yi ta kira bayan an fito da ni."

Na ce haka ne.

"Ni dai ban san komai sosai ba, kaina ya juya. Amma ina tuna yana gama ɗaure ni ya zame ya kife, fuskarsa cikin ruwa. Ina tafiya sama ina kallonsa. Bai ɗago ba."

Ya ajiye kofin ya fita. Ban gaya wa Hindatu ba, ban gaya wa Abba ba, don maganar mutumin da ya ce da bakinsa kansa ya juya ba abin kafa hujja ba ce. Na gaya wa Malam. Washegari ya sayo siminti ya kira magina aka toshe bakin rijiyar.

Ranar da Hindatu ta fita takaba suka kwashe kayansu suka koma Tarauni wurin 'yan'uwanta. Tafiyar ƙafa ce daga nan, amma sai ta zama kamar wata ƙasa. Malam ya aika da hatsi aka dawo da shi. Ya je da kansa aka ce masa ba sa nan, alhali takalmansu na ƙofa. Abba ya yi aure ba a gaya masa ba, a bakin mutane ya ji. Ku kun taso kun ga babanku mutum ne mai shiru, kuka ɗauka shirun mai laifi ne. Ba ku san da can ma haka yake ba, sai dai bayan rijiya shirun ya ƙara nauyi. Bai sake taɓa igiya ba, ko ragon layya sai dai yayanku ya ɗaure. A ciwonsa na ƙarshe, da rana tsaka, yakan damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, idonsa a buɗe yana kallon ƙofa, yana cewa in taya shi riƙewa, yaron zai kufce. Sai in ce na riƙe, Malam, na riƙe. Sannan ya saki.

Ga abin da ba ku sani ba. Abba bai zo jana'izar babanku ba, wannan kun sani, kun kuma ji haushi. Amma ya zo bayan an watse, wata Laraba da hantsi, kuna wurin aiki. Na ga mutum da furfura a gemu ya yi sallama, sai da ya durƙusa na gane shi, don durƙuson Ilu ne. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi, na tambayi Hindatu da yara. Ya zauna a bakin tabarma ya juya wa kusurwar baya, kamar yadda nake yi.

"Inna," ya ce, "babban yarona ya kai shekarun da nake da su ranar."

Na ce Allah Ya raya shi.

"Sunan Baba na sa masa. Ban taɓa iya faɗa ba. Jiya yana wanke mota ina kallonsa, sai na ce a raina, da ni ne a ƙasan ramin nan, ina ganin abin da ke ciki, zan kira shi ya sauko?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Wallahi Inna ko ana yanka ni ba zan kira shi ba. Kuma Baba ya fi ni son ɗa."

Na ce, "To ka yafe wa baffanka ke nan?"

Ya ce bai sani ba. Ya ce in ya ce Malam ya yi daidai, to ya yarda ke nan ba ubansa ne ya kira shi ba, kuma shi duk rayuwarsa da wannan kiran yake kwana yake tashi, shi kaɗai ne abin da uban ya bar masa. In kuma ya ce ubansa ne, to ga shi ya san ubansa ba zai kira ba. Ya ce ya rasa inda zai ajiye abin. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa ya zo, na kuwa riƙe har yau da kuka tilasta ni.

Don haka ku je bikin. Ku yi ado, ku kai gudunmawa, ku durƙusa ku gaishe da Hindatu, ta tsufa ƙwarai. Ku dubi amaryar da kyau, ku dubi yayyenta da ƙannenta, ku ƙirga su in kuna so, duk daga ƙarƙashin gwiwar babanku suka fito. Amma kada wanda ya buɗe baki ya ce Baba ya yi kuskure a yafe masa. Ba ku da wannan hurumin, ba kwa wurin. Wanda aka danne a cikin laka ma, da yake da hakkin yanke hukunci, ya zo har gidan nan ya zauna a gabana ya kasa.

Da zai tafi ranar na raka shi zaure. Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu.

"Inna, ke ma kin ji, ko? Ba ni kaɗai ba ne?"

Na ce na ji, Abba. Da kunnena na ji.

"To wane ne?"

Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya sa takalminsa ya fita, ni kuma na tsaya a zauren har rana ta gota, don ban iya ratsa tsakar gidan ni kaɗai ba.